Daga Malamin Wasanni zuwa Kocin Unguwa: Tarihin Horar da Yara Ƙwallo a Kafanchan da Kudancin Kaduna

Jirgin ƙasa ne ya raya garin Kafanchan na yau a ƙasar Fantswam, domin a 1927 aka haɗa layin dogon da ya taso daga Fatakwal, ya bi ta Enugu da Makurɗi, da babban layin Kaduna, aka kuma fitar da reshe daga nan zuwa Jos saboda kuzar da ake haƙa a tsaunukan Filato. Mahaɗar ta tara ma'aikata da 'yan kasuwa daga kowace kusurwa, Ibo da Yarabawa da Hausawa da Nufawa, suka zauna tare da 'yan ƙasa irin su Fantswam da Kagoro da Bajju da Atyap da Ham da Kaninkon, har ta kai Sarkin Jama'a ya maido da fadarsa garin a 1933. A Nijeriya ta wancan zamani, duk inda tashar jirgi da makarantar boko suka haɗu, ƙwallon ƙafa ba ta daɗewa ba ta iso ba, kuma Kafanchan tana da su duka biyun. Abin da ya cancanci bincike a tarihin wasan a wannan yanki ya wuce sanin wace ƙungiya ce ta doke wace. Tambayar da ta fi nauyi ita ce wane ne ya riƙa koya wa yara wasan a kowane zamani, da wace manufa ya koyar, kuma da wane ma'auni jama'a suka riƙa yanke hukuncin cewa ya iya ko bai iya ba.

Kafin zuwan ƙwallo, al'ummun yankin suna da nasu wasannin ƙarfi da juriya, musamman kokawa da farauta, Hausawan da ke zaune a zangon fatauci kuma suna da langa da dambe. Ba a ware wani mutum guda a ce aikinsa koyar da waɗannan, domin yaro yana koyo ne ta hanyar kallon yayyensa da gwabzawa da tsararrakinsa. Wannan tsohuwar hanya ba ta ɓace ba bayan da ƙwallo ta shigo, ita ce ma ta ci gaba da rayuwa a wasan layi, inda yara kan kafa duwatsu biyu a matsayin raga, su buga ƙwallon roba ko ta tsumma ba takalmi, ba alƙali, kuma ba babban da ke tsaye yana ba da umarni.

Mutum na farko da za a iya kira mai horarwa a kudancin Kaduna malamin makaranta ne. 'Yan mishan na SIM, wato ƙungiyar da cocin ECWA ta fito daga cikinta a 1954, sun kafa tasha a Kwoi tun wajen 1910, daga baya suka kafa a Kagoro, cocin Katolika kuma ta buɗe nata makarantu a Kafanchan da garuruwan kewaye. Turawan da suka tsara waɗannan makarantu, da ma waɗanda suka tsara na gwamnati irin Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, sun zo da wani ra'ayi da ya yi ƙarfi a makarantun kwana na Ingila a ƙarni na 19, wanda ke cewa filin wasa aji ne na gyaran hali, inda yaro ke koyon bin doka, da haƙuri idan an ci shi, da fifita ƙungiya a kan kansa. Saboda haka malamin wasanni, wato malamin aji da aka ɗora wa kula da motsa jiki da guje-guje da ƙwallo, bai cika damuwa da tsarin jera 'yan wasa a fili ba, kuma sau da yawa iliminsa na ƙwallo bai wuce dokokin wasan ba. Abin da ake auna shi da shi shi ne ko yara sun fito a kan lokaci, ko sun girmama alƙalin wasa, ko sun koma aji sun yi karatu. Wannan falsafa tana da rauninta, domin bulala ta yi yawa a cikinta, kuma yaron da ke son riƙe ƙwallo yana yanka abokan hamayya akan ɗauke shi a matsayin mai son kai. Amma tana da wani alheri da zamunan baya suka rasa: malamin ya san shekarun kowane yaro daga rajistar makaranta, ya san iyayensa, yana kuma tare da shi shekara da shekaru, don haka babu abin da ke matsa masa ya matse duk amfanin yaron a gasa guda.

Hanya ta biyu ta fito ne daga wurin aiki. Hukumar jiragen ƙasa tana cikin ma'aikatun da suka fi kowa raya ƙwallo a Nijeriya kafin samun 'yancin kai, kuma ƙungiyar Railway ta Legas ta ɗauki Kofin Gwamna, wanda aka fara a 1945 daga baya aka kira shi Kofin Ƙalubale, sau da dama tsakanin 1946 da 1964. Tsarin irin waɗannan ƙungiyoyi shi ne a ba gwanin ɗan wasa aiki a ma'aikata, ya yi aikinsa da safe ya fito atisaye da yamma, kyaftin ko wani babban ma'aikaci ne kuma ke tsara wasa. A garin da rayuwarsa ta dogara ga tasha, kamar Kafanchan, ma'aikacin da aka sauyo daga Enugu ko Zariya yakan zo da abin da ya gani a can, yaran kwatas na ma'aikata kuma su kwaikwaya. A wannan tsari ƙwallo hanya ce ta samun aiki mai albashi da fansho, shi ya sa iyaye ba su ganin ta a matsayin ɓata lokaci kamar yadda da yawa suka koma gani daga baya. Rikicin 1966 da yaƙin basasar da ya biyo baya sun kwashe ɗimbin ma'aikatan Ibo daga garuruwan tashoshin Arewa, kuma duk da cewa da yawa sun dawo bayan 1970, sarƙar koyo daga manya ta sami tsinkewa.

Yaron Kafanchan mai hazaƙa yana da birane biyu da yake ɗaga kai ya duba, Jos da Kaduna, kuma Jos ce ta fi kusa. Ƙungiyoyin Jos sun yi suna da wasan ƙasa-ƙasa na ba-ni-in-ba-ka, kuma Mighty Jets, wadda Alhaji Isyaku Ibrahim ya ɗauki nauyinta, ta lashe gasar lig ta ƙasa ta farko a 1972, da 'yan wasa irin su Sam Garba Okoye da Isma'ila Mabo. Tarihin wannan ƙungiya darasi ne a kan ma'auni, domin ta kai wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale sau da yawa ba ta taɓa ɗauka ba, har da karon 1972 da Bendel Insurance ta doke ta a wasan da aka maimaita a Ibadan, amma duk da haka dattawan da suka kalle ta ba sa shakkar cewa makaranta ce ta ƙwallo. Isma'ila Mabo da ya fito daga cikinta shi ne ya kai ƙungiyar mata ta Nijeriya zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a Gasar Kofin Duniya ta 1999 a Amurka. Wanda ya auna Mighty Jets da kofin da ta rasa kawai zai ce ta gaza, alhali mutanen da ta yaye sun ci gaba da koyarwa shekaru masu yawa bayan tasirinta ya dushe.

Shekarun 1970 sun kawo gwamnati tsakiyar harkar. Jihohi sun karɓe makarantun mishan, shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya cika azuzuwa da ɗalibai fiye da ƙarfin malamai, aka fara Bikin Wasanni na Ƙasa a Legas a 1973, Kaduna kuma ta karɓi baƙuncinsa a 1977. An kafa Cibiyar Wasanni ta Ƙasa a Legas domin horar da masu horarwa, hukumomin wasanni na jihohi suka fara ɗaukar koci a matsayin ma'aikacin gwamnati mai takardar shaida. Wannan ci gaba ne na gaske ta fuskar sanin makamar aiki, domin a karon farko aka sami mutanen da ƙwallo ce sana'arsu, waɗanda suka karanta yadda ake gina ƙarfin jiki da yadda ake tsara atisaye. Sai dai kocin hukuma yana zaune ne a babban birnin jiha, yana zuwa ƙananan hukumomi irin Jama'a da Kaciya ne idan gasa ta ƙarato domin ya yi zaɓe, kuma shugabanninsa suna tambayarsa lambar yabo nawa ya kawo. Daga nan aikin ya fara sauya kama, daga renon yaro na tsawon shekaru zuwa tsintar wanda ya riga ya nuna.

A 1985 Nijeriya, ƙarƙashin Sebastian Brodericks, ta doke Jamus ta Yamma da ci 2 da nema a birnin Beijing ta ɗauki kofin duniya na farko na 'yan ƙasa da shekara 16, gasar da daga baya aka mayar ta 'yan ƙasa da 17. Ta sake ɗauka a 1993 a Japan ƙarƙashin Fanny Amun, a 2007 a Koriya ta Kudu ƙarƙashin Yemi Tella, a 2013 a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ƙarƙashin Manu Garba ɗan Gombe, sannan a 2015 a Chile ƙarƙashin Emmanuel Amuneke. Waɗannan nasarori biyar abin alfahari ne, kuma sun fito da 'yan wasa na ƙwarai irin su Nwankwo Kanu da Kelechi Iheanacho da Victor Osimhen. Amma sun dasa wa jama'a wani tunani da ya gangara har ƙauyuka, cewa kocin yara shi ne wanda ya ɗauko kofi, kuma gasannin matasa na cikin gida, irin Kofin Ramat da ƙungiyar YSFON ke shiryawa a Kano domin tunawa da Janar Murtala Muhammed, da kofunan gwamnoni da na shugabannin ƙananan hukumomi, duk sun koma wuraren da ake yanke wa koci hukunci cikin mako ɗaya ko biyu.

Illar wannan ma'auni ba ta da wuyar fahimta. Tsakanin shekara 12 zuwa 17 bambancin girman jiki tsakanin yara yana da yawa ƙwarai, har wanda ya riga balaga da shekara guda yakan fi tsaransa gudu da ƙarfi, ko da tsaran ya fi shi basira da iya sarrafa ƙwallo. Masu bincike a Turai sun daɗe da gano cewa ko a ƙasashen da rajistar haihuwa take daidai, ƙungiyoyin matasa sukan cika da waɗanda aka haifa a watannin farko na shekarar zaɓe, saboda 'yan watannin da suka ba sauran sun isa su ruɗi idon mai zaɓe. Idan 'yan watanni suna yin wannan tasiri, to shekara uku ko huɗu da aka rage a takarda sun isa su ba kowace ƙungiya kofi. Kocin da ya san za a kore shi idan aka fitar da shi a zagayen farko zai ajiye ƙaramin yaro mai basira a benci, ya sa ƙato, ya umarci 'yan baya su riƙa dokan ƙwallo gaba da ƙarfi kada su yi kuskure kusa da raga, wani lokaci ma ya ɗauko 'yan wasan haya daga wani gari. A matakin ƙasa abin ya kai hukumar FIFA ta dakatar da Nijeriya daga gasannin matasa na shekara biyu a 1989 saboda saɓanin ranakun haihuwar wasu 'yan wasa, ta kuma janye mata baƙuncin gasar matasa ta 1991. Daga 2009 FIFA ta fara amfani da na'urar MRI, wadda ke ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu domin a ga ko ya gama haɗewa, abin da ke nuna cewa mai yiwuwa yaron ya wuce shekara 17. A gasar da ake yi a filin makarantar firamare a Zonkwa ko Kagoro babu irin wannan na'ura, gaskiyar koci ce kaɗai ke tsaron ƙofa, kuma ma'aunin kofi yana hukunta mai gaskiyar ne yana saka wa mai maguɗi.

Jihar Kaduna ta ba da hujja mafi ƙarfi a kan abin da filin unguwa da haƙurin mai horarwa ke iya samarwa. A tawagar da ta ci zinare a gasar Olamfik ta 1996 a Atlanta akwai Daniel Amokachi da Tijjani Babangida da Garba Lawal da Celestine Babayaro da yayansa Emmanuel, dukkansu 'yan Kaduna, kuma biyu daga cikin ƙwallaye uku da aka ci Ajantina a wasan ƙarshe Celestine da Amokachi ne suka zura su. Babu ɗayansu da ya fito daga makarantar ƙwallo irin ta Turai. Amokachi yana wasa ne a Ranchers Bees ta Kaduna, ƙungiyar da ta kai wasan ƙarshe na gasar zakarun kofuna ta Afirka a 1988, lokacin da kocin Nijeriya Clemens Westerhof ɗan ƙasar Holan ya gan shi ya tafi da shi Gasar Kofin Afirka ta 1990 yana ɗan shekara 17. A wasan farko na wannan gasa Aljeriya ta lallasa Nijeriya da ci 5 da 1, kuma da an bi ɗabi'ar da ta zama jiki daga baya, da a ranar aka sallami kocin. An bar shi, ya kai wasan ƙarshe a shekarar, ya zo na uku a 1992, ya ɗauki kofin a Tunisiya a 1994, ya kuma kai ƙasar Gasar Kofin Duniya karon farko. Westerhof yana da gwaninta wajen gane ɗan wasa, amma abin da ya fi bambanta shi da waɗanda suka biyo bayansa shi ne ya sami shekara biyar da goyon bayan manyan gwamnati.

Labarin Shu'aibu Amodu shi ne kishiyar wannan. Sau biyu ya samar wa Nijeriya gurbin Gasar Kofin Duniya, ta 2002 da ta 2010, sau biyun kuma aka sauke shi kafin gasar bayan ya zo na uku a Kofin Afirka, bisa hujjar cewa wasan ƙungiyarsa ba ya burgewa. Adegboye Onigbinde da ya gaje shi a 2002 ya dawo da maki 1 daga wasa uku, Lars Lagerbäck ɗan Suwidin da ya gaje shi a 2010 shi ma maki 1 ya samo. Wannan bai tabbatar da cewa Amodu zai fi su ba, amma ya nuna cewa masu yanke hukuncin sun ɗora wa mutum ɗaya laifin da tushensa yake cikin tsari baki ɗaya. Binciken da Simon Kuper da Stefan Szymanski suka wallafa a littafinsu Soccernomics a 2009 ya ƙarfafa wannan fahimta, domin sun nuna cewa a ƙwallon Ingila, idan aka ɗauki tsawon shekaru, yawan albashin da kulob ke biyan 'yan wasa yana bayyana kimanin kashi 90 cikin 100 na bambancin matsayi a teburin gasa. Abin da ya rage wa koci kaɗan ne, kuma farfaɗowar da akan gani bayan an kori mai horarwa sau da yawa komawa ce ga matsakaicin ƙarfin ƙungiyar, wadda za ta faru ko ba a kore shi ba, tunda akan yi korar ne a lokacin da sa'a ta fi juya baya. Idan sakamako bai isa ya auna kocin manya masu albashi ba, to rashin dacewarsa ga kocin 'yan shekara 13 ya fi bayyana.

A Kafanchan kanta, shekarun da ƙwallon matasa ta ƙasa ke tashe su ne shekarun da ginshiƙan garin suka raunana. Harkar jirgin ƙasa ta durƙushe daga shekarun 1980, shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya rage abin da makarantu da ma'aikatu ke kashewa a wasanni, rikicin da ya taso daga Kwalejin Ilimi ta garin a watan Maris na 1987, da na Zangon Kataf a 1992, da na bayan zaɓen 2011, suka raba unguwanni da zukata. A wannan gurbi ne kocin unguwa ya bayyana, kuma shi ne ke riƙe da harkar har yau. Galibi tsohon ɗan wasa ne da rauni ko rashin hanya ya tsayar, ko malamin firamare, ko mai sana'ar hannu, wanda ke tara yara da asuba ko bayan la'asar a filin makaranta, ya sayi ƙwallo da kuɗin aljihunsa, ya yi karo-karo domin hayar motar zuwa wasa. Damina mai tsawo da aikin gonar citta da masara da acca suna katse masa atisaye, kuma babbar kakarsa ita ce ƙarshen shekara, lokacin da 'yan gari ke dawowa gida hutu, masu hali da 'yan siyasa kuma su sa kofi. Akwai wani aiki da wannan mutum ke yi wanda babu teburin gasa da ke ƙirga shi, wato haɗa ɗan Musulmi da ɗan Kirista a riga iri ɗaya a garin da ya ga abin da rabuwa ke jawowa, da sanya iyaye daga ɓangarori biyu su amince su bar 'ya'yansu su tsallaka unguwa. Duk wanda ya san tarihin garin ya san cewa wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Gidajen kallon ƙwallo, da suka yaɗu tun farkon shekarun 2000 tare da tauraron ɗan'adam da janareta, sun ƙara wa kocin unguwa wani nauyi. Matashin da bai taɓa horar da kowa ba yanzu yana iya muhawara a kan tsarin 4-3-3 da 3-5-2, yana kwatanta José Mourinho da Pep Guardiola, kuma da wannan idon yake zuwa bakin filin gari ya yi wa koci ihu. Kallon ya faɗaɗa ilimin jama'a, wannan gaskiya ne, amma abin da talabijin ke nunawa shi ne ƙarshen aiki, wato manyan 'yan wasa a ranar gasa, ba ya nuna shekaru goman da aka yi ana renon su. Ƙasashen da ake kallon nasu wasan sun bi wata hanya dabam da yaransu. Makarantar Ajax ta Holan tana auna yaro da abubuwa huɗu, iya sarrafa ƙwallo da fahimtar wasa da hali da sauri. Jamus, bayan ta sha kunya a gasar Turai ta 2000, ta wajabta wa manyan kulob-kulob buɗe makarantun matasa masu ƙwararrun malamai, ta kuma jira har 2014 kafin ta ɗauki kofin duniya. Beljiyam ta mayar da ƙananan yara wasan mutum kaɗan-kaɗan a ƙaramin fili domin kowa ya yawaita taɓa ƙwallo. Misalin da ya fi kusa shi ne na Abidjan, inda Jean-Marc Guillou ya buɗe makarantar ASEC Mimosas a 1994, ya sa yara atisaye ba takalmi har sai sun ƙware, kuma a 1999 waɗannan matasa suka doke Espérance ta Tunisiya da ci 3 da 1 suka ɗauki kofin Super Cup na Afirka, daga cikinsu har da Kolo Touré da Didier Zokora. Abin lura shi ne yawancin abin da waɗannan masana suka tsara da gangan, ƙaramin fili da 'yan wasa kaɗan da 'yancin gwada dabara, shi ne abin da yaran layi a Kafanchan suke yi tun asali. Kocin da ya kwashe 'yan shekara 10 daga irin wannan wasa ya jera su goma sha ɗaya-ɗaya a filin manya, yana sa su zagayen fili har su gaji, ya rage musu ilimi ne da sunan ƙara musu.

Zamani na baya-bayan nan ya zo da ma'auni na uku, wato sayarwa. Tun da aka kafa makarantar ƙwallo ta Pepsi a 1992 ƙarƙashin Kashimawo Laloko, wadda Mikel Obi ya bi ta reshenta na Jos, kalmar akadami ta bazu, har ta kai ƙungiyoyi da yawa da ba su da aji ko fili nasu suna amsa sunan. Koci nagari a idon iyaye da yawa yanzu shi ne wanda ya san dillalin da zai fitar da yaro waje, kuma an ga iyalan da suka sayar da gona ko suka ci bashi domin gwajin da bai kai ko'ina ba. Dokokin FIFA tun 2001 sun hana sauya sheƙar yaro ɗan ƙasa da shekara 18 zuwa wata ƙasa sai bisa 'yan sharuɗɗa, sun kuma tanadi cewa a ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin sayen ɗan wasa tsakanin ƙasa da ƙasa a raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi daga shekara 12 zuwa 23. Sai dai wannan haƙƙi yana bin rajista ne, kuma ƙungiyar unguwar da ba ta yi rajista da hukumar ƙwallo ta jiha ba, ba ta kuma rubuta sunayen yaranta da shekarunsu ba, ba ta da abin da za ta nuna ranar da yaron ya zama wani abu. Victor Moses ya fara buga ƙwallo ne a titunan Kaduna kafin ya tafi Ingila yana ɗan shekara 11, kuma duniya ta san Crystal Palace da makarantar Whitgift da suka ƙarasa renonsa, amma tarihin da aka rubuta ba ya ambaton irin mutanen da ke tsayawa a kan yara a matakin farko.

Idan aka dubi waɗannan zamuna tare, za a ga cewa malamin wasanni na makarantar mishan, duk da ƙarancin iliminsa na dabarun wasa, ya fi kusa da ma'aunin da ya dace da yara, domin shi ana tambayarsa ne me yaron ya zama. Tambayoyin da suka dace a yi wa kocin yara a Kafanchan ko Kwoi ko Kaciya suna da amsa a zahiri: yara nawa ne daga cikin waɗanda ya fara da su suke wasa bayan shekara biyar, nawa ne suka gama sakandare, ko ƙaramin cikinsu yana samun shiga fili a ranar gasa, ko ɗan wasansa yana iya karɓar ƙwallo da ƙafar hagu da ta dama ya ɗaga kai kafin ya bayar, kuma ko shekarun da ke takardarsa su ne shekarun da mahaifiyarsa ta sani. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar kuɗi mai yawa. Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya tana kusa da Kafanchan, kuma ita ce wurin da ya fi dacewa hukumar ƙwallo ta jiha ta riƙa kawo kwasa-kwasan lasisin farko na masu horarwa, maimakon a bar kocin unguwa da kuɗin motar zuwa Kaduna ko Abuja ko Legas. Shugabannin ƙananan hukumomi da masu hali da ke sa kofin ƙarshen shekara kuma suna iya raba gasar bisa shekaru, su nemi rajistar makaranta kafin a buga, su ware wani kaso na kuɗin kyauta domin sayen ƙwallaye da biyan kuɗin rajistar ƙungiyoyi da hukumar jiha, domin da wannan rajistar ce kawai kocin da ya reni yaro zai iya neman haƙƙinsa.